Kwaɗo Uku a Ƙofar Damo

Maƙwabtana a Ɗorayi suna dariya,
wai Tanimu ya zautu da tsufa:
"Wa zai haura katanga don ƙadangare?
Wa zai saci abin da yara ke jifa?"
Na yi shiru. Su ba su ga sawun ba,
sawun silifas a jiƙaƙƙiyar ƙasa,
daren da aka ɗauke wuta ana ruwa,
daren da aka ɗauke mini Alƙali.

Alƙali kunkuru ne, ya girmi ɗana na fari.
Shekara talatin da ɗaya yana cin ɓawon kankana
a gindin gwaiba, bai taɓa gaggawar hukunci ba.
Marigayiya Ladidi ta ɗiga masa shuɗin fenti a baya
don kada ya ɓace mana a ciyawa.
Bai ɓace a ciyawa ba.
A buhu ya tafi, ko tari bai yi ba.
Wanda ya so dambe ba shi da yatsa,
da me zai riƙe ƙofa?

Da gari ya waye na nufi Ƙofar Ruwa,
na sayo rodi da kuɗin fansho,
Sabi'u mai walda ya yini yana feshin wuta
yana satar kallon akwatin mesa.
Na ce, "Yi aikinka, ta ci kaza jiya,
sai wani makon za ta tuna da duniya."

Na dasa fasassun kwalabe a kan katanga,
kore da ruwan ƙasa, suna ƙyalli da hantsi.
Na rataya fitilar sola a saman zaure.
Na sa kwaɗo uku a ƙofar damo,
kwaɗon da ba ya tsalle, ba ya kukan damina.
Damo ya dube ni da ido ɗaya.
Shi sarkin haƙuri ne, ni ne na kasa.

Na hana jikana Nafi'u ɗaukar hoto.
Waya ba ta da ƙyaure, yaro,
abin da ka nuna wa abokai goma
ya isa kunnen mai neman fata,
da mai neman kitsen guza,
da mai neman hawainiya don laya.
Yanzu baƙo iyakarsa zaure.
In ya ce, "Ance kana da kada,"
sai in ce, "Ance," in miƙa masa ruwa.

'Yan sintiri na karɓar ɗari biyar duk Juma'a,
suna busa usur su wuce da sauri,
ba mai son jingina da bangona.
Na rubuta da gawayi: AKWAI MACIJI A CIKI.
Gaskiya ce, amma rabinta.
Ban rubuta cewa tsoron tsawa take ji ba,
ko cewa takan cusa kai cikin jikinta
in an buga ƙofa da ƙarfi.

Wata biyu bayan haka, ina ratsa Kurmi,
a layin masu sassaƙe da ƙahonni,
na ga ƙoƙo a kife kan tabarma
tsakanin ƙayar bushiya da busasshen jemage.
Wanke shi aka yi, an goge da mai,
amma shuɗin Ladidi bai fita duka ba.
Na tambayi kuɗi. Ban yi ciniki ba.
Mai kayan ya ce yana maganin ciwon baya.

Yana nan yanzu a gindin gwaiba.
Da dare nakan zauna da tocila a cinya,
makullai uku a aljihun riga,
ina jin numfashin da ba kowa ke ji ba:
guza na juyi cikin bahonta,
hawainiya ta yi fari a reshen zogale,
tsaka na sintirinta kyauta.

Jiya da asuba na ga ƙaramin ƙadangare
ya shige ƙoƙon, ya leƙo ta ƙofar wuya.
Ban kore shi ba.
Na ajiye ɓawon kankana, don sabo,
na tafi masallaci, na kulle gida.